Bizar aiki, tallafin raya ƙasashe da agajin jin ƙai a manufofin Birtaniya

Gwamnatin Birtaniya tana taɓa rayuwar talakawan wasu ƙasashe ta hanyoyi uku. Akwai bizar aiki, wadda ke ba baƙo izinin shiga ƙasar ya yi sana'a a biya shi. Akwai tallafin raya ƙasashe, wato kuɗin da ake warewa duk shekara domin makarantu da asibitoci da ruwan sha da noma a ƙasashe matalauta. Sai agajin jin ƙai, wanda ake kaiwa cikin gaggawa inda yaƙi ko fari ko ambaliya ko girgizar ƙasa suka afka wa jama'a. Biza tana hannun Ma'aikatar Cikin Gida, tallafi da agaji suna hannun Ma'aikatar Harkokin Waje, baitulmali kuma shi ke yanka wa kowa rabonsa. A takarda kowace manufa da ofishinta da ministanta. Amma daga 2020 zuwa 2025 sun sarƙe da juna, har ta kai ba a fahimtar ɗaya sai an dubi sauran biyun, kuma sau da yawa mutanen ƙasa guda ne abin yake shafa ta dukan hanyoyin.

Tsarin bizar aiki na yanzu ya samo asali ne daga ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Kafin nan, ɗan Poland ko ɗan Romaniya yana iya zuwa Landan ya kama aiki ba tare da biza ba. Wannan dama ta ƙare a ranar 31 ga Disamba 2020. Daga farkon 2021 aka ɗora kowa a kan ma'auni ɗaya, Bature da Ba'indiye da ɗan Najeriya. Mai neman biza sai ya tara maki 70. Dole ya sami tayin aiki daga kamfanin da gwamnati ta ba lasisin ɗauko baƙi, dole aikin ya kai wani mataki na ƙwarewa, dole ya iya Turanci, sannan albashin ya kai adadin da aka ƙayyade. Kamfanin ne yake ba shi takardar shaidar ɗaukar nauyi, kuma da lambar wannan takarda ake neman bizar. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 25,600 ne a shekara. Ya koma fam 26,200 a 2023, aka ɗaga shi zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, sannan fam 41,700 a Yulin 2025.

Fannin lafiya ya sami tasa ƙofar daban. A watan Agustan 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka fito da bizar ma'aikatan lafiya da masu kula da marasa ƙarfi. Kuɗinta bai kai na sauran ba, kuma an yafe wa masu ita harajin lafiya da ake karɓa daga baƙi, wanda tun Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035 ga kowane babban mutum a shekara. Da farko likitoci da ma'aikatan jinya ne suka fi cin moriyarta. Sai a Fabrairun 2022 aka shigar da masu kula da tsofaffi da naƙasassu, domin a wannan lokacin guraben da babu kowa a wannan fanni a Ingila sun kai 165,000. Aiki ne mai nauyi, na wanka da ciyarwa da ɗaga mara lafiya da kwana a tsaye, kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa 'yan ƙasa suke gudunsa.

Ana buɗe ƙofar jama'a suka yi tururuwa. A shekarar 2023 kaɗai an ba da irin wannan biza ga ma'aikata kimanin 146,000, da iyalansu sama da 200,000. Indiya da Najeriya da Zimbabwe ne a sahun gaba. Da yawa sun sami abin da suka je nema. Amma tsarin yana da wani aibi tun daga tushe, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa: bizar a ɗaure take da kamfani guda. Idan kamfanin ya kori ma'aikaci, ko ya rushe, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar. Wanda zamansa a ƙasa yake hannun ubangidansa ba ya iya ɗaga murya, ko an rage masa albashi, ko an tsawaita masa sa'o'i, ko an cusa shi ɗaki ɗaya da mutum biyar.

Daga nan dillalai suka shigo. Doka ta hana sayar da takardar ɗaukar nauyi, amma an yi ta sayar da ita a kan dubban fam. Mutane sun sayar da filaye da gidaje, wasu sun ci bashi, suka isa Birtaniya suka tarar babu aikin, ko kuma na 'yan sa'o'i ne a mako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsohon babban sufeto mai sa ido kan harkar shige da fice, David Neal, ya nuna a rahotonsa da aka wallafa a Maris 2024 cewa an taɓa ba da takardu 275 da sunan wani gidan kula da tsofaffi da babu shi sam. Ma'aikatar Cikin Gida da kanta ta bayyana cewa daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta ƙwace lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Kamfani ya yi laifi, amma ma'aikacin da aka cuta shi ne ya wayi gari bizarsa tana lilo.

Adadin baƙin da suka shiga, bayan an cire waɗanda suka fita, ya haura 900,000 a shekara guda a daidai 2023, kuma wannan ya zama babban abin cece-kuce a siyasar ƙasar. Gwamnatin jam'iyyar Conservative ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, ta hana masu kula da tsofaffi zuwa da nasu daga 11 ga Maris. Gwamnatin Labour da ta gaje ta ta ƙara ƙulle ƙofar. Bayan takardar manufa da ta fitar a Mayun 2025, an daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje tun ranar 22 ga Yuli, an kuma mayar da matakin ƙwarewar da ake nema a yawancin ayyuka zuwa na mai digiri. Hujjar gwamnati ita ce ya kamata a kyautata albashi a horar da 'yan ƙasa. Hujja ce mai ma'ana. Sai dai rufe ƙofa bai warware igiyar da ta ɗaure waɗanda suke ciki da iyayen gidansu ba. Duk wanda a yau wani dillali ya ce zai samo masa bizar kula da tsofaffi daga Kano ko Kumasi, to abin da ba ya nan ake son sayar masa.

Batun likitoci da ma'aikatan jinya shi ne inda biza ta fara haɗuwa da tallafi. A 2010 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da wasu ƙa'idoji na ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare. A 2020 hukumar ta fitar da jerin ƙasashe 47 da suke fama da matsanancin ƙarancin ma'aikata, a 2023 jerin ya kai 55. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki. Birtaniya ta ɗauki wannan jeri ta sa shi cikin ƙa'idojinta, ta hana asibitocinta da wakilansu zuwa waɗannan ƙasashe neman ma'aikata. Amma ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba, kuma da wuya a ce a hana shi, domin 'yancinsa ne. Sakamakon shi ne Najeriya, duk da tana cikin jerin, ta zama ta uku bayan Indiya da Filifin a yawan ma'aikatan jinya baƙi da ke rajista a Birtaniya.

A gida kuwa giɓin a bayyane yake. Ministan lafiya na Najeriya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, zuwa Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya da sauransu. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasar ta ce sama da 42,000 sun fita cikin shekara uku. Ba laifin wanda ya tafi ba ne. Wanda yake aiki a asibitin da babu wuta babu magani, albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, yana da dalilin tafiya, kuma kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suke aikowa gida, kimanin dala biliyan 20 a shekara, ya ninka duk tallafin da ƙasar take samu. Amma kuɗin aike yana shiga gidan dangi ne, ba ya mayar da ungozoma ɗakin haihuwa a ƙauye. A 2023 Birtaniya ta ware fam miliyan 15 domin ƙarfafa ma'aikatan lafiya a Najeriya da Ghana da Kenya, su ukun a haɗe. Idan aka auna wannan da abin da ƙasashen suka kashe wajen horar da dubban mutanen da suka tafi, ba a ma fara biyan bashin ba.

Tallafin raya ƙasashe yana da ma'auninsa na duniya. A 1970 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ba da kashi 0.7 cikin 100 na abin da ƙasa take samu a shekara, wato fam 7 a cikin kowane fam 1,000. Ƙasashe kaɗan ne suka riƙe wannan alkawari, irin su Norwe da Suwidin da Denmak. Birtaniya ta kafa ma'aikata ta musamman, DFID, a 1997 zamanin Tony Blair, da Clare Short a matsayin ministarta ta farko. Ta kai kashi 0.7 a 2013 zamanin David Cameron, ta kuma mayar da shi doka a 2015. Arewacin Najeriya ya san wannan ma'aikata. A lokacin tana da ofishi a Kano, kuma da kuɗinta aka gudanar da shirin ESSPIN na gyaran makarantun firamare a jihohi shida da suka haɗa da Kano da Kaduna da Jigawa, da shirin ilimin 'ya'ya mata tare da UNICEF, da shirye-shiryen rigakafi da lafiyar mata masu juna biyu.

A 2020 Boris Johnson ya narkar da DFID cikin Ma'aikatar Harkokin Waje. A Nuwamban shekarar, ministan kuɗi Rishi Sunak ya sanar da saukar da tallafin zuwa kashi 0.5, yana mai kafa hujja da bashin da korona ta jawo, ya kuma ce na ɗan lokaci ne. Kuɗin ya faɗo daga kimanin fam biliyan 14.5 a 2020 zuwa biliyan 11.4 a 2021. Da yake akwai alkawuran da aka riga aka sa wa hannu da manyan hukumomi irin Bankin Duniya, wuƙar ta fi sauka a kan shirye-shiryen da ake yi kai tsaye a ƙasashe. Yemen, wadda take cikin yaƙi da yunwa, an yi mata alkawarin fam miliyan 87 a Maris 2021, alhali a shekarar da ta gabata miliyan 164 aka yi mata. Shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na samar da kayan tazarar haihuwa ya rasa kashi 85 cikin 100 na abin da yake tsammani daga Landan. A Yulin 2021 majalisar dokoki ta goyi bayan ragin da ƙuri'a 333 a kan 298, kuma tsohuwar firaminista Theresa May tana cikin 'yan jam'iyya mai mulki da suka ƙi.

Mai karatu zai ɗauka abin da ya rage duk waje yake tafiya. Ba haka ba ne. Ƙa'idojin ƙungiyar OECD, waɗanda su ke fayyace abin da za a kira tallafi, sun yarda ƙasa ta lissafa abin da ta kashe a cikin gidanta kan 'yan gudun hijira da masu neman mafaka a shekararsu ta farko. Da can wannan ɗan ƙaramin kaso ne a lissafin Birtaniya. Sai abubuwa suka taru: 'yan Afghanistan da aka kwaso a 2021, 'yan Yukiren da suka zo daga 2022, da masu tsallako teku daga Faransa a ƙananan kwale-kwale. Ma'aikatar Cikin Gida ta kasa yanke hukunci a kan lokaci, har a tsakiyar 2023 mutum sama da 175,000 suna jiran a ce musu eh ko a'a. Aka rasa masauki, aka koma kama otal. A ƙarshen Satumban 2023 mutum kimanin 56,000 ne a otal-otal, ana kashe wajen fam miliyan 8 kowace rana.

Wannan kuɗi daga asusun tallafi aka ciro kaso mai yawa nasa. A 2022 an kashe fam biliyan 3.7 na tallafi a cikin Birtaniya kanta. A 2023 ya kai biliyan 4.3, wato kashi 28 cikin 100 na dukan tallafin shekarar. Adadin 2022 ya fi duk abin da aka ba nahiyar Afirka kai tsaye, ya kuma ninka abin da Birtaniya ta kashe kan agajin jin ƙai a duniya fiye da sau uku. Tun da an ƙayyade jimillar tallafin, duk fam ɗin da Ma'aikatar Cikin Gida ta kashe a otal, daga hannun Ma'aikatar Harkokin Waje ya fita. A Yulin 2022 sai da aka dakatar da biyan duk wani shirin da ba a ɗauke shi na tilas ba, kafin baitulmali ya ƙara fam biliyan 2.5 na shekara biyu. Hukumar ICAI mai bin diddigin tallafin ta soki wannan tsari, domin ma'aikatar da take kashe kuɗin ba ita take jin zafin rashinsa ba, saboda haka babu abin da zai sa ta yi tattali.

Ba wanda ya ce a bar mai neman mafaka ya kwana a titi. Ɗaukar nauyinsa wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa. Abin da ba shi da kyau shi ne a biya wannan wajibi da rabon yaron da ke sansani a Darfur ta Sudan ko Hudaida ta Yemen. Ga kuma wani abin: ba a barin mai neman mafaka ya yi aiki sai ya shekara yana jira, sannan ma a wasu 'yan ayyuka da aka ƙididdige. A shekarun da ƙasar take ɗauko dubban mutane daga Legas da Harare su kula da tsofaffinta, tana kuma ciyar da wasu dubban majiya ƙarfi a otal da kuɗin tallafi, ba tare da sun iya neman na kansu ba.

Agajin jin ƙai wani ɓangare ne na wannan asusu, amma ƙa'idarsa daban. Ana ba da shi ne gwargwadon buƙata, ba a duba addini ko ƙabila ko ɓangaren da mutum yake a rikici. Birtaniya ba ta cika raba shi da hannunta ba. Tana bi ne ta Hukumar Abinci ta Duniya, da UNICEF, da hukumar 'yan gudun hijira, da ƙungiyar Red Cross, da asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda tana cikin manyan masu zuba masa kuɗi. A cikin gida kuma akwai gamayyar DEC ta ƙungiyoyin agaji 15, ciki har da Oxfam da Save the Children da Islamic Relief, wadda take yin yekuwa idan babban bala'i ya auku, gwamnati kuma takan ƙara fam ɗaya a kan kowane fam da jama'a suka bayar har zuwa wani adadi. Wani lokaci biza kanta takan zama agaji. An buɗe hanya ta musamman ga mutanen Hong Kong a 2021, da 'yan Yukiren a 2022. Ba a buɗe irinta ga 'yan Sudan ba, duk da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu, ya kora dubban ɗaruruwa zuwa gabashin Chadi.

Shekarar 2025 ta zo da ragi na biyu. A ranar 25 ga Fabrairu firaminista Keir Starmer ya sanar cewa tallafin zai sauka zuwa kashi 0.3 daga 2027, a mayar da kuɗin wajen tsaro, wanda ake son ya kai kashi 2.5. Barazanar Rasha ga Turai gaskiya ce, kuma ita gwamnati ta kafa hujja da ita. Bayan kwana uku ministar raya ƙasashe, Anneliese Dodds, ta ajiye aiki, tana mai cewa ba zai yiwu a riƙe alkawarin Gaza da Sudan da Yukiren da abin da ya rage ba. Wannan ya zo daidai lokacin da gwamnatin Donald Trump take rushe hukumar tallafin Amurka ta USAID, wadda aka rufe a farkon Yuli, Faransa da Jamus ma suna rage nasu. A watan Yuni ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Tom Fletcher, wanda shi ma ɗan Birtaniya ne, ya sauko da abin da yake nema daga dala biliyan 44 zuwa biliyan 29, ya zaɓi waɗanda suka fi kusa da halaka ya bar saura.

Tasirin ya iso Najeriya cikin watanni. A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta ya ƙare, za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas, cibiyoyin kula da yara masu tamowa sama da 150 kuma suna fuskantar rufewa. A watan ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida. Ba ragin Birtaniya kaɗai ya jawo wannan ba. Janyewar Amurka ta fi girma, kuma nauyin ciyar da yaran Katsina da Borno tun farko yana wuyan gwamnatocin Najeriya ne, na tarayya da na jihohi.

Dokar 2015 tana nan ba a soke ta ba. Abin da ta tanada shi ne idan ba a kai kashi 0.7 ba, minista ya je gaban majalisa ya faɗi dalili, kuma ba ta ba kowa damar kai gwamnati kotu a kan haka ba. Kuɗin masu neman mafaka da ake cirewa daga asusun ya ragu zuwa kimanin fam biliyan 2.8 a 2024, gwamnati kuma ta yi alkawarin daina amfani da otal kafin ƙarshen wa'adin wannan majalisa. Idan hakan bai tabbata ba kafin kashi 0.3 ya fara aiki a 2027, abin da zai fita waje zai yi ƙasa da wannan adadi sosai. Masu kula da tsofaffi da suka riga suka shiga ƙasar kuwa, an ba su damar sabunta biza ko sauya kamfani, kuma waɗanda ke zaune a can da wata bizar daban suna iya komawa wannan aiki zuwa Yulin 2028.